Tarar Haraji: A Rarrabe Tsakanin Mai Uzuri Da Mai Taurin Bashi

Tun daga ranar 26 ga Yunin 2025, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda manyan biyu daga cikinsu, watau dokar haraji ita kanta da dokar gudanar da shi, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, jama'a suka shiga muhawara a kan wanda zai biya da wanda aka ɗauke wa, da kuma yadda za a raba abin da aka karɓa tsakanin tarayya da jihohi, amma ƙalilan ne suka tsaya suka duba babin da, a ganina, shi ne zai fi taɓa ɗan kasuwar Suleja da ƙaramin ɗan kwangilarta, watau babin cin tara. An ɗauke haraji daga naira 800,000 na farkon abin da mutum ya samu a shekara, an kuma sassauta wa ƙananan kamfanoni, wannan kuwa abin yabo ne. Illa iyaka wanda aka ɗauke wa biya ba a ɗauke masa miƙa bayani ba, kuma ta wannan ƙofa ce tara za ta shigo wa mutanen da hukuma ba ta binsu ko kwabo.

Tarar nan iri biyu ce, kuma wajibi ne a san bambancinsu. Ta farko ita ce ta jinkirin biya: wanda haraji ya hau kansa, wa'adi ya cika bai biya ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na abin da ake binsa, kana a ɗora kuɗin ruwa da ake lissafawa bisa ma'aunin Babban Bankin Nijeriya, yana ta hauhawa har ranar da ya sauke nauyin. Wannan, ko da yake tana da ɗaci, tana tafiya daidai da girman bashin, mai babba ya ji babba, mai ƙarami ya ji ƙarami. Ta biyu ita ce ta jinkirin miƙa bayanin kuɗin shiga, ita kuwa ba ruwanta da girman bashi ko rashinsa: naira 100,000 ce a watan farko, sa'an nan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya muddin ba a miƙa ba. Wanda ya gafala shekara ɗaya cur, lissafinsa ya kai naira 650,000. A tsohuwar dokar harajin kamfanoni, 25,000 ce a watan farko da 5,000 a kowane wata, watau 80,000 a shekara. Ke nan an ninka ta sau takwas da ɗoriya. Kuma idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka kafa a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne, za a ga tarar watan farko kaɗai ta fi abin da leburan gwamnati ke kai wa gida a wata.

To, a kan wa wannan nauyi zai sauka? Babban kamfani yana da akanta da lauya, waɗanda aikinsu ke nan kada wa'adi ya wuce, in ma ya wuce, naira 100,000 ba ta kai kuɗin man motar manajansa ba. Wanda zai ji jiki shi ne irin mutumin da kowa ya sani a garin nan: ya ji an ce ba a samun kwangila a Abuja sai da kamfani mai rajista, ya tattara ɗan abin da yake da shi ya yi rajista a hukumar CAC, ya yi ta zarya tsakanin ma'aikatu, kwangila ba ta zo ba, ya naɗe takardar ya sa a ƙarƙashin akwati, ya koma rumfarsa a Kasuwar IBB ko Madalla, yana zaton tun da kamfanin bai yi ciniki ba babu abin da ke tsakaninsa da hukuma. A wurin doka kuwa kamfanin nan yana raye, wajibi ne ya miƙa bayani cikin wata shida bayan rufe lissafin shekararsa, ko da bayanin bai wuce cewa ba a sayar da kome ba. Ranar da Allah ya kawo kwangilar da ya daɗe yana jira, aka ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji, a ranar ce zai tarar an tanadar masa lissafin shekarun da ya yi barci, wataƙila ma lissafin ya haɗiye ribar da yake hange tun kafin ta shigo hannu.

Masu zargi sukan ce ai sakaci ne, kuma rashin sanin doka ba hujja ba ne. Akwai sakaci, ba na musu. Amma duk wanda ya san tarihin haraji a ƙasar Arewa ya san gudun ofishin haraji gado ne da mutanenmu suka ɗauko daga wata wahala ta haƙiƙa. Waɗanda suka manyanta suna tune da zamanin En'e, lokacin da dagaci da mai unguwa ke bin gida gida, a ƙirga mazaje a ƙirga shanu, wanda ya kasa cika haraji ko jangali a tsare shi ko a shanya shi a rana, wasu su bar gari da sunan ci rani alhali gudun dogari suke yi. Wannan na daga cikin abubuwan da NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta kuka a kansu tun daga 1950, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979. Al'ummar da ta tashi da irin wannan labari a bakin kakanninta ba za ta wayi gari tana kai kanta ofishin haraji don raɗin kai ba, musamman idan abin da ta ji yana jiranta a can shi ne tara mai ƙaruwa kowane wata. Sai tsoro ya haifi jinkiri, jinkiri ya ƙara tara, tarar kuma ta ƙara tsoro, har mutum ya yanke shawarar ɓuya gaba ɗaya, hukuma ta yi asarar mai biya na shekaru masu zuwa saboda kwaɗayin tarar shekarun da suka shuɗe.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin bashi, kuma warwarar tasu hankali yana karɓarta ko da mai sauraro ba Musulmi ba ne, abin da ya dace da gari irin Suleja, inda Bahaushe da Bagwari da Bakoro da Banufe da Ba'ibo da Bayarabe ke cin kasuwa ɗaya. Sun raba masu jinkiri gida biyu. Akwai mawadaci wanda yake da halin biya amma yana ja, shi hadisi ya kira jan nasa zalunci, kuma an halatta wa alƙali ya matsa masa. Akwai kuma wanda ke cikin ƙunci, shi Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya yi umarni a saurara masa har ya sami sauƙi. Haka nan Alƙali Abu Yusuf, a littafin kharajin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya yi kashedi kada a doki mutum ko a tsayar da shi a rana saboda dirhamin haraji, yana ganin irin wannan tsanani yana kashe ƙasa, ya kuma rage abin da baitulmali ke samu. Abin da nake nema ga hukumomin harajinmu bai wuce wannan rarrabewa ba: a gane mai taurin bashi a tsananta masa, a gane mai uzuri a sassauta masa, kuma a rubuta ƙa'idar ganewar a fili yadda kowa zai iya karantawa.

Akwai ma kashi na uku wanda ban ga dalilin tausaya masa ba ko kaɗan, shi ne mai ɗaukar ma'aikata da ya yanki haraji daga albashinsu, wanda ya kamata ya miƙa kafin 10 ga watan da ya biyo baya, ko mai kantin da ya karɓi kashi 7.5 cikin 100 na harajin VAT daga hannun masu saye, wanda wa'adinsa 21 ga wata ne, sa'an nan ya zuba kuɗin a cikin jarinsa yana juyawa. Wannan kuɗi ba nasa ba ne tun farko, ajiya ce a hannunsa, riƙe ta kuwa cin amana ne, kuma duk sassaucin da za a yi bai kamata ya kai gare shi ba.

Sai dai Suleja tana da wata mas'ala tata ta daban, wadda ba a samun irinta sai a garuruwan da ke kewaye da babban birni. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Da aka zaɓi sabon babban birnin tarayya a 1976, masarautar ta ba da wani yanki na ƙasarta ta kuma ba da sunanta, garin ya koma amsa Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau kuwa, saboda tsadar haya a birnin da ya karɓi sunan, ɗimbin ma'aikatansa a nan suke kwana: da asuba su fito daga Kwamba da Maje da Rafin Sanyi da Madalla su bi ta Zuba, da magariba su komo. Ƙa'idar harajin ɗaiɗaikun mutane ita ce ana biyan jihar da mutum yake zaune, ba inda yake aiki ba, in ban da irin su soja da 'yan sanda waɗanda doka ta keɓe. Saboda haka ma'aikacin da ofishinsa ke Wuse a Abuja amma gidansa na Suleja, harajin albashinsa hakkin Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Neja ne. Amma abu ne mai sauƙi akawun albashi ya tattara na kowa ya aika wa hukumar harajin Birnin Tarayya, ko dai don ma'aikacin ya rubuta adireshin ofis, ko don ya sauya gida bai sanar ba, ko don kawai aikawa wuri ɗaya ta fi sauƙi.

Jihar Neja tana da cikakkiyar hujja ta nemi wannan kuɗi, domin ita ke ɗauke da nauyin hanya da makaranta da asibitin da mutanen nan da iyalansu ke amfani da su, kuma duk mai bin titunan cikin garin nan da damina ya san garin yana bukatar hakkinsa. Amma idan binciken hukuma ya tarar da wani ƙaramin kamfani ya biya cikakken haraji a kan kari, sai dai ya kai shi gidan da ba nasa ba, shin adalci ne a ce ya sake biyan uwar kuɗi, a ɗora masa kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa, sa'an nan a bar shi ya je ya yi ta fama wajen karɓo na farko? Mutumin nan bai ɓoye ba, bai ci ba, kuskuren adireshi ya yi. Abin da ya dace shi ne hukumomin biyu su daidaita lissafi a tsakaninsu, a mayar wa Neja abin da yake nata, a gargaɗi kamfanin ya gyara jerin ma'aikatansa, tara kuwa a ajiye ta sai ga wanda aka gargaɗa a rubuce ya ƙi ji. Ai don irin wannan saɓani ne ɗaya daga cikin dokokin nan huɗu ta kafa hukumar haɗin gwiwa ta masu karɓar haraji, kuma ban ga wurin da ya fi iyakar Suleja da Abuja cancantar a fara gwada amfaninta ba.

Wani zai ce ai ana yin afuwa. Gaskiya ne an sha yi. A ranar 29 ga Yunin 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya sa hannu a kan shirin VAIDS, wanda ya yafe tara da kuɗin ruwa ga duk wanda ya fito da kansa ya bayyana abin da ya ɓoye, aka fara daga 1 ga Yuli, aka ƙara wa'adin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Yunin 2018. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar harajin tarayya ta FIRS ta yi rangwame irin wannan. A watan Disamban 2023 kuma, a ƙarƙashin Zacch Adedeji, ta sanar da yafe tara da kuɗin ruwa ga wanda ya biya uwar kuɗin gaba ɗaya kafin shekarar ta fita. Ban raina waɗannan ba, sun fitar da mutane daga ƙangi. Aibinsu dai shi ne suna zuwa ba zato, su wuce kafin labarinsu ya iso rumfar mai sayar da atamfa, kuma wanda ya fi cin moriyarsu shi ne mai akanta da ke karanta sanarwa, mai kuɗi a banki da zai iya biya cikin 'yan makonni. Bugu da ƙari, suna koya wa mai wayo darasi maras kyau, watau ya jira, wata afuwar na tafe. Shi kuwa wanda ya matse cikinsa ya biya tararsa wata guda kafin sanarwa, sai ya ga kamar gaskiyarsa ce ta cuce shi.

Dokokin harajin ƙasar nan sun daɗe suna ba hukuma ikon ta yafe tara, duka ko wani sashe, idan ta ga dalili. Matsalar tana cikin kalmar nan ta ganin dalili, domin ikon da ba shi da ma'auni a rubuce yakan koma alfarma, alfarma kuwa sai mai sanin wani, kuma daga nan ne 'yan kamasho ke samun abin yi, waɗanda ke tsayawa bakin ofis suna cewa kawo kaza a rage maka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Amurka, hukumar harajinsu tana da ƙa'ida sananniya cewa wanda ya shekara uku ba a kama shi da laifi ba, in ya yi jinkiri karo na farko, ya miƙa abin da ya rage, ya biya ko ya shirya biya, ana cire masa tarar. A Ingila kuma ana karɓar uzuri mai ma'ana, kamar ciwo mai tsanani ko rasuwar na kusa ko gobara. Babu abin da zai hana hukumar harajin Neja da ke Minna ta fitar da irin wannan a shafi guda, da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Turanci: laifin farko a yafe idan an gyara cikin wa'adi kaza, wanda ba a binsa haraji, tararsa kada ta wuce iyaka kaza, wanda gobara ko ambaliya ko jinya ko rufe kasuwa ta shafa, ya kawo shaida a ɗage masa. Garin Suleja, wanda aka sa wa dokar ta-ɓaci a ƙarshen Disamban 2011, wanda kuma ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tsayar da ciniki cik, ya san akwai lokutan da mutumin kirki ke kasa cika wa'adi ba da son ransa ba.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannun mai biya, kuma a nan zan yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwa kai tsaye. Alhaji, fara da sanin gidan da kake: idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, kai da kasuwancin abu ɗaya ne, lissafinka yana wurin hukumar jiha, wa'adinka 31 ga Maris, idan kamfani ne mai zaman kansa, lissafinsa yana wurin hukumar tarayya, watau FIRS ta da, wadda yanzu ake kira NRS, idan kuma kana da ma'aikata, bayanin albashinsu na shekara yana da wa'adin 31 ga Janairu. Miƙa bayani ko da ba ka da kuɗin biya a hannu, domin miƙawar tana tsayar da tarar wata wata, biya kuwa ana iya roƙon a rarraba shi. Kamfanin da ka tabbata ba za ka sake amfani da shi ba, nemi a soke rajistarsa ta hanyar da doka ta tanada, kada ka bar shi yana tara maka bashi kana barci. Kuma wanda yake ƙyamar riba a mu'amalarsa, ya tuna cewa jinkirin biya yana jawo masa biyan kuɗin ruwa da hannunsa, abin da ya yi shekaru yana gudu a banki.

Idan kuwa takardar ƙiyasi ta riga ta iso, aka yanka maka abin da ka san ba ka samu ba, kada ka jefa ta a aljihun teburi, kada kuma ka nemi wanda zai kashe maganar ta bayan gida, domin abin da aka kashe ba rasit yakan tashi ranar da aka sauya jami'i. Kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewarka, ka faɗi dalili, ka haɗa da littafin ciniki da takardun banki, ka karɓi shaidar an karɓa. In ka bar kwanakin suka wuce, ƙiyasin ya zauna daram. In ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma sabuwar doka ta kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji a kan yadda jami'ai ke mu'amala da su. Wanda ya yarda ana binsa kuwa, hanyar da ta fi kai shi ga rangwame ita ce ya biya uwar kuɗin, ko ya fara biya, sa'an nan ya rubuta roƙon a cire tarar, ya ambaci uzurinsa da shekarun da ya yi yana biya ba matsala.

Na san mafi yawan masu rumfa ba za su iya yin wannan su kaɗai ba, kuma nan ne nake ganin shugabannin ƙungiyoyin kasuwa suna da aiki. Su ne suka san wanda ya yi rajista ya manta, su ne ake jin maganarsu. Da za su tattara sunayen membobinsu masu irin wannan matsala, su ɗauki akanta guda su biya shi da kuɗin ƙungiya, su nemi fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Malam Muhammad Awwal Ibrahim, wanda ya taɓa riƙe mulkin jihar nan daga 1979 zuwa 1983 ya kuma san yadda ofisoshinta ke aiki, ta shiga tsakani, da sun je wa hukuma da murya ɗaya suna neman abu biyu: a kafa teburin cike takardu a cikin Kasuwar IBB da ta Madalla daga Janairu zuwa ƙarshen Maris kowace shekara, sa'an nan duk wanda ya zo teburin da ƙafarsa karo na farko a karɓi bayaninsa da abin da ake binsa na haƙiƙa, a share masa tarar baya.